Lada Biyu a Igiya Ɗaya

Tun da ƙafafuna suka daina kai ni kasuwa nake jin kuna maimaita wata magana, ku 'ya'yana da 'ya'yanku, wai ni na kafa rumfar masu tuƙar igiya ta Sabon Birni, wai tausayina ne ya raba makafi da bara. Kwanan baya har ɗaya daga cikin jikokina ya shigo da sunan da ya ji ana kirana da shi a bakin tasha, Uban Makafi, yana ta murna kamar sarauta aka naɗa ni. Na ji daɗi, ba za ni ɓoye muku ba, don kunne ba ya tsufa da son yabo. Amma ba haka abin ya faru ba, kuma wanda ya fi kowa ikon gyara maganar ya riga ni kwantawa. Don haka ku ji yadda aka yi daga bakin wanda aka yi abin a kansa.

Na dawo gida a shekara ta biyu da ruwan sama ya yi mana rowa. Kafin nan na daɗe a waje. Na yi fataucin goro a Kumasi har na iya harshen Asante, na yi dako da awo a Abijan inda Faransanci ya kama bakina, na tsinci auduga a Sudan a hanyar Makka na samo Larabcin kasuwa a kan na allo, Fillanci kuwa tun ina yaro na sha shi tare da nono a rugagen Turba. Mutumin da ya ga garuruwa da yawa yakan kamu da wata cuta: duk abin da ya gani a garinsu sai ya ce ai a wuri kaza ba haka ake yi ba. Da wannan cutar na dawo, da ita da 'yar jarin da na buɗe shago a kasuwar Sabon Birni. Abin da ya ɗaga shagon nan kuwa igiyar roba ce. Wani abokin cinikina a Maraɗi, Alhaji Isufu, shi yake aiko mini da ita nannaɗe, shuɗiya da ja, tana sheƙi. Gulbi ya ƙafe tun kafin kaka, ruwan rijiyoyi yana ta gudu ƙasa, wanda jiya igiyarsa gaba goma ta ishe shi yau yana neman sha biyar. Kowa igiya yake nema, ta roba kuma ta fi araha. A shekarar da mutane suke tonon gidan tururuwa don neman tsabar hatsi, ni shagona cike yake da masu saye. Ban yi sata ba, ban yi algus ba, amma ban tsaya na tambayi kaina abincin wa nake ci ba.

Abincin Bawa nake ci. Bawa ɗan gwaggona ne, taubashina, tare aka yi mana kaciya. Agana ta cinye masa idanu tun yana ɗan shekara shida, amma bai taɓa riƙe ƙoƙon bara ba. Ubansa ya koya masa tuƙa, kuma duk wanda ya yi kiwo tsakanin Isa da bakin iyaka ya san igiyar Bawa: ta kaba don ɗaure kaya, ta rama don guga, ta ɓawon kuka mai tufka uku don rijiya mai zurfi. Da ita ya yi aure, da ita yake ciyar da matarsa da 'ya'ya huɗu. Ran da na je gaishe shi na tarar da shi zaune a ƙofar gida hannuwansa a kan gwiwa. Ban taɓa ganin hannuwan nan a zaune ba sai ran nan.

"Ɗan Kumasi," in ji shi, don haka yake kirana, "tun daga lungu nij ji ƙamshin turarenka. Ka zo ka ga gawar da kak kashe?"

"Wace gawa kuma, makahon banza? Ga ka nan da wuya kamar na bajimi."

"Wuyan na nan, hatsin ne babu. Wata ukku ba a tambaye ni ko igiyar ɗaure akuya ba. Kowa na wurin taubashina mai igiyar Nasara." Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Bayan salla akwai motar da za ta kwashi makahi zuwa Kurmi. An ce can ana ba da sadaka har da kuɗin takarda. Na ce su aje min wuri."

Ku fahimci abin da wannan yake nufi. A shekarar nan bara ma ta mutu a ƙasarmu, don wanda bai ci ba ba ya da saura, shi ya sa makafi da guragu suke gangarawa kudu. Waɗanda suka saba da ƙoƙo, wurin zama kawai za su sauya. Bawa kuwa mai sana'a ne ɗan mai sana'a. Na ga irinsa a bakin masallacin Kumasi da tashar Ibadan, mutanen da suka bar gida da sunansu suka koma "mai bara" kawai, kuma ban taɓa ganin wanda ya dawo yadda ya tafi ba. Idan Bawa ya hau motar nan, to Bawa ya ƙare, ko da ya dawo da jaka cike.

Nan cutar tawa ta motsa. Na tuna wani gida da na gani a Kumasi inda makafi suke saƙa kujeru da kwanduna a jere, ana zuwa ana saye. Na ce ai mu ma za mu iya. Cikin mako guda na kafa rumfa ta zana a bayan shagona. Na tara makafi bakwai, Bawa ne babbansu kuma malaminsu, da guragu biyu masu tsaga kaba da bugun ɓawo. Na ce musu duk igiyar da suka tuƙa su kawo, ni za ni saya in sayar. Da wannan na hana Bawa hawa motar bayan salla, kuma na yi ta jin kaina kamar wanda ya gina masallaci.

Sai dai ban sayar ba. Ko sau ɗaya ban ɗora igiyarsu a gaban shago ba. Ina tsoron ta ɓata wa ta roba kasuwa, kuma can cikin zuciyata ban yarda akwai mai sayenta ba. Duk yamma sai su kawo, in karɓa, in ɗaga ta sama in ce madalla, in biya, in sun watse in sa a ɗakin baya na gidanmu, ɗakin da yanzu kuke ajiye babura. Igiya ta yi ta taruwa har ta kusa taɓa azara. Innarku Kulu, Allah Ya ji ƙanta, ita kaɗai ta san abin da ke ciki, don ita take kore ɓeraye daga wurin. Wata rana tana tankaɗe garin rogo, wanda shi ne tuwon kowa a lokacin, ta ce mini ba tare da ta ɗago ba:

"Alhaji, wagga igiya da kaka tarawa, rijiyar lahira za ka yasa da ita?"

"Ke ba ki san komi ba. Taimako nike yi. A ƙasashen da suka ci gaba haka ake yi."

"A ƙasashen da sunka ci gaba ɗaki aka cikawa? To. Ni dai na san Bawa. Makaho ne, ba wawa ba."

Na yi mata tsaki na fita. Ba a yi kwana ashirin ba maganarta ta tabbata.

Ranar wata Laraba ce bayan azahar, ina zaune a zaure, sai na ji ƙarar sanda. Bawa ne shi kaɗai, don hanyar gidana a ƙafarsa take. Bai yi mini ba'ar da ya saba ba. Ya yi sallama, ya ƙi zama, ya tsaya yana shaƙar iska kamar mai neman inda ake suya. Sannan ya ratsa tsakar gida, ya gai da Kulu, ya miƙe sak zuwa ɗakin baya ya tura ƙyaure. Ƙamshin kaba da ɓawon kuka ne ya kai shi. Na bi shi na tarar ya durƙusa yana lalube, yana bin igiyoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsu, yana kiran sunan wanda ya tuƙa kowace. Can ya zaro wata ya miƙo mini.

"Ka san wagga?"

"Igiya ce mai kyau," na ce.

"Ja ta."

Na ja, sai ta rabu biyu a hannuna kamar dafaffiyar taliya.

"Da gangan nit tuƙa ta," in ji Bawa. "Ruɓaɓɓen ɓawo nis sa a tsakiya. Irinta ukku nik kawo maka cikin wanga wata. Na ce in dai ana sayar da igiyata, ba a kwana biyu wani Bahillace zai zo shi zage ni har kakana. Nay yi ta jiran zagi, shiru. Kai ko kullum sai madalla. Ubana bai taɓa ce min madalla ba sai ya ɗaura igiyar ga icce ya ja da ƙarhinai."

Na fara kame-kame. Na ce masa niyyata alheri ce, na ce ba don ni ba da yanzu yana bakin titi a Kurmi, na ce ko ba komai ina neman lada.

"Awo, ga ta nan, ka hwaɗe ta da bakinka," in ji shi. "Lada. Kai da kaj ji harsuna biyar, ba ka san lada biyu ne ba? Akwai wanda Allah ka ba mai sadaka, akwai wanda mai saye ka ba mai aiki. Kai ka tattara na Allah a bisa kaina, ni ka hana ni nawa. Abin da kaka ba ni da marece ba ladan aiki ba ne, sadaka ce kas sa ma riga. To in bara za ni yi, gara in yi ta a Kurmi inda ba a san ubana ba, in huta da kumburin hannu. Akwai wata mota ran Lahadi."

Na yi shekaru ina taƙama da harsuna. Na san Bafaranshe kalma daban yake da ita ta kuɗin aiki, daban ta sadaka. Na san Bafillace yana cewa njoɓdi ga abin da aka biya ka, baraaji ga abin da Allah Ya rubuta maka. Na san a Larabci ajru da ujra tushensu ɗaya. Amma ban taɓa lura ba cewa Bahaushe ya zuba su duka biyu a ƙwarya ɗaya, har mutum ya iya shanye na wani yana zaton nasa yake sha. Sai da makaho ya nuna mini. Na tambaye shi me zai hana shi hawa motar Lahadi.

"Ka kai igiyata inda aka aiki. In ta yi, a saye ta don ta yi. In ba ta yi ba, a hwaɗa min, in tahi da hujja."

A kwanakin nan ana yasar wata tsohuwar rijiya a Kurawa. Makiyayan da shanunsu suka rage sun taru a kanta, su da mutanen gari, don ita ce kaɗai ake sa ran za ta ba da ruwa idan aka ƙara mata zurfi. Na ji labarin aikin ya tsaya, kuma na san dalili, don igiyar da suke aiki da ita daga shagona ta fito. Rana ta cinye ta ta fara tsattsagewa, in ta sha laka sai ta yi santsi, ƙulli ya zame. Kwana biyu kafin in je can, wasaki cike da laka, wato babban gugan fata, ya kuɓuce daga ƙulli ya faɗa, kaɗan ya rage ya fasa kan mai yasa. Washegarin zuwan Bawa da sassafe na ɗora igiyoyi shida mafiya tsawo a kan jaki, na ɗora Bawa a kan wani, muka kama hanya. Hanyar nan ba za ni manta da ita ba. Gonaki fari fat, karan bara ma an tuge an ba dabbobi, gawar shanu a gefen hanya ta bushe har ungulu ta raina.

Mai yasar sunansa Ɗan Tani, gajere mai faɗin ƙirji, bakinsa ya fi gatarinsa kaifi. Na sauke igiyoyi a gabansa na yi bayani. Ya dube su, ya dubi Bawa, ya dubi taron da ya kewaye mu.

"Alhaji, shekaranjiya igiyar mai ido biyu ta so ta kashe ni. Yau kuma ta wanda bai taɓa ganin rijiya ba kak kawo? Ɗiyana ƙanana ne."

"Ni ban taɓa ganin rijiya ba," in ji Bawa, "amma ubanka da igiyar ubana ya yi ta sauka, kuma a bisa tabarma yam mutu."

Aka yi dariya. Ɗan Tani bai ji daɗi ba, sai ya juyo kaina.

"To mai kaya shi ka ɗanɗana kayanai. Alhaji, in ka yarda da ita, bisimilla. Gaba ashirin da biyu ce kawai. Ka sauka ka ciko muna wasaki guda, ni ko in yini ciki."

Wani dattijon makiyayi, Jauro Hamma, ya ce da ni da Fillanci in rufa wa kaina asiri, wannan ba aikin mai tumbi ba ne. Ni kuwa abin da ya daskarar da ni daban ne. Bawa ya ce ruɓaɓɓu uku ya kawo mini. Ɗaya ta tsinke a hannuna. Biyu suna cikin tarin, kuma da na zo ɗaukar shidan nan tsawo kawai na duba, don ban san yadda ake duba wani abu ba. Na matsa kusa da Bawa na raɗa masa haka. Sai ya yi murmushi irin wanda na sani tun muna yara, in ya kama ni a wasan langa.

"Yanzu kaka tambaya? Miƙo su."

Ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafafu. Ya ɗauki igiya ta farko ya bi ta da yatsu tun daga kai har wutsiya, yana murzawa, yana lanƙwasawa kusa da kunne, wani wuri ya kai hanci. Mutum fiye da hamsin suna tsaye a rana suna kallon makaho yana karanta igiya. Ta biyu ya jefar gefe tun bai kai rabi ba. "Ga ɗaya." Ta huɗu ma ya jefar. "Ga ta biyun. Kai, Ɗan Kumasi, da hannunka kaz zaɓo ajalinka har biyu." Ta biyar ya daɗe a kanta, ta ɓawon kuka ce mai tufka uku. Ya ƙulla gungumen ice a ƙarshenta da kansa, ya ja ƙullin da haƙori, ya miƙo.

"Wagga ni nit tuƙa ta, ranar da nike zaton da gaske kake. Hau."

Ban san Bawa yana da hanyar da zai rama abin da na yi masa da ta fi wannan ba, in da ramuwa yake so. Na tuɓe babbar riga da hula na ba Jauro. Na zauna a kan gungumen, igiya tsakanin cinyoyina, aka ɗora ta bisa icen da aka gitta a bakin rijiya, ƙarti shida suka riƙe. Na yi bisimilla, na karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Suka fara saki. Da fari bakin rijiya kamar faifai yake a samana, sannan ya koma kamar murfin tulu, sannan kamar kwabo. Sanyi ya taso, da warin laka. Can sai duhu ya rufe ni ruf, na ɗaga hannuna ban gan shi ba. Ba abin da ya rage mini a duniya sai abin da tafin hannuna yake ji: tufka uku, kowace ta kwanta a kan 'yar uwarta, ba inda ta yi kauri ba inda ta rame. Na yi wata uku ina karɓar igiyar nan ina cewa madalla, ban taɓa taɓa ta ba sai ran nan. Sai na ji murya daga sama tana amsa-kuwwa.

"Ɗan Kumasi! Mi kaka gani?"

"Ba ni ganin komi!"

"To sannu da zuwa garinmu!"

Dariyar mutane ta gangaro mini kamar daga wata duniya. Ni ma na yi, ina rawar ɗari. Ƙafata ta taɓa laka, na nutse har gwiwa. Aka zuro wasaki da igiya ta shida, na cika shi da hannu, na girgiza, aka ja. Igiyar ta jiƙe sharkaf, kuma a nan na gane abin da kowane makiyayi ya sani ni ban sani ba: igiyar ɓawo in ta sha ruwa kumbura take yi, ƙulli ya ƙara cizawa, hannun mai ja ya samu abin kamawa. Da aka fito da ni, laka har gemu, Ɗan Tani ya matso. Ya karɓi gungumen ya zauna a kai. Kafin ya sauka ya dubi Bawa ya ce:

"Malam Bawa, irin wagga nawa kaka iya tuƙawa kahin kasuwar Bafarawa? Can ma akwai rijiya biyu da ka jirana."

Ku lura, Malam ya ce. Da safe makaho ne. A rana ta huɗu rijiyar Kurawa ta kawo ruwa, motar Lahadi kuma ta tashi ba Bawa.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda wasunku suka riƙe a kaina, don na sha jin ana cewa da Baba bai yi wauta ba da yanzu muna da bene a Sakkwato. Gaskiya ne, kuma ga yadda aka yi. Na ga ba zai yiwu in riƙa tallar igiyar Bawa da baki ina kashe ta da hannu ba. Na aika wa Alhaji Isufu cewa ya rage aiko mini da ta roba, ta rijiya kam na daina, sai ƙananan na ɗaure kaya. Ya ɗauka raini ne. Ya yanke hulɗa da ni gaba ɗaya, har sukari da shayi da batir da nake samu ta hannunsa, ya koma wa maƙwabcina na kasuwa. Maƙwabcin nan shi ya yi benen. Mu kuwa muka yi shekara biyu Kulu tana auna garin rogo da ludayi, ta sayar da tasoshinta na jere ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai takan ce, "Ai gara wanga talauci da wancan ɗaki." Ban yi nadama ba a lokacin, ban yi ba yanzu. Amma ba za ni ce muku bai yi ciwo ba.

Rumfar kuma ta fita daga hannuna, kuma wannan ma ba shawarata ba ce. Bawa ya tara abokan aikinsa suka yanke cewa rumfa tasu ce. Su za su sa wa igiya suna, su za su karɓi sabon mai koyo, ni dillali ne kawai, in kai kasuwar Isa da Bafarawa da Turba in ci ladan dillanci kamar kowa. Makiyayan Jauro Hamma da shanunsu suka ƙare suka koma kawo musu kaba da ɓawo a kan jakuna daga daji mai nisa, su ma suka samu abin yi. Wata bazawara da kuturta ta cinye wa yatsu ta zama mai jiƙa ɓawo da dukansa, don wannan ba ya son yatsu. Ba duka ne suka zauna ba. Uku daga cikin bakwai ɗin sun ga aikin ya yi musu wuya tun da aka fara mayar da igiyar da ba ta yi ba, suka bi motar Kurmi, ɗaya ne kawai ya dawo. Kuma na sani igiyar roba ta ci kasuwa daga baya, yau da ƙyar za ka ga ta ɓawo a bakin rijiya, rumfar ta koma saƙar gado da tabarma da kujeru. Na ga gidajen taimakon naƙasassu a ƙasashe da dama, wasu da motoci da allon suna. Yawancinsu ɗakin bayana ne aka yi wa fenti. Tamu ta zana ce, amma ba a taɓa ajiye abin da aka yi a cikinta don a ɓoye ba.

Akwai rana ɗaya da nake so ku riƙe fiye da ranar rijiya, don ranar rijiya kowa yana ba da labarinta, har an ƙara mata gaba goma. Bayan kamar wata huɗu, damina ta ɗan taɓa ƙasa, Bawa ya kawo mini igiyoyi biyar za ni kai Isa. A lokacin na koyi dubawa, shi ya koya mini, da zagi. Na zauna na bi su da yatsu ɗaya bayan ɗaya, ido a rufe, don na gano ido ruɗin mutum yake yi. A ta uku na ji wani wuri ya rame, tufka ɗaya ta yi sako-sako kamar tsawon taki. Na sake murza wurin, don ban san ko gwaji ne ko kuskure ba, kuma taubashina ne, kuma na san ya kwana biyu yana zazzaɓi. Kalmar madalla ta zo har bakina. Na haɗiye ta, na jefa masa igiyar a cinya.

"Wagga ba ta yi ba. Ba ni kai ta kasuwa ta ɓata min suna. Warware ka sake."

Ya lalubo wurin. Ya daɗe yana murza shi. Na ga kunya ta hau fuskarsa, na gane ba gwaji ba ne, hannunsa ne ya kuskure. Sai kuma fuskar ta washe, ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa.

"Kulu!" ya ƙwala kira cikin gida. "Hito ki gani! Mijinki ya zage ni!"

"Allah Ya sa da gaskiya yaz zage ka," in ji ta daga madafa.

"Da gaskiya! Wallahi da gaskiya!"

Ya naɗe igiyar ya rataya a kafaɗa, ya miƙe. A bakin zaure ya juyo.

"Huɗu za ka biya ni, Ɗan Kumasi, kar ka kuskura ka biya biyar. Wannan ne ladana. Naka kuma ka je ka neme shi inda aka ba da shi, ka sauka daga bisa kaina."

Huɗu na biya shi. Ya koma rumfa ya zauna a rana yana warwarar ta biyar, yana waƙa.